Hotuna Uku Ta Gilashin Motata

A gidanmu ni ne mai takardu. Duk wasiƙar da ta shigo da tambarin hukuma a kan teburina ake ajiye ta, domin an san ba na sa hannu a kan komai sai na karanta shi sau uku. Sunana Rezaul. Ina da diflomar ɗaukar hoton ƙashi, kuma ina aiki a wani asibiti da ke bayan garin Detroit. Likita iyayena suka so in zama, ban kai ba, sai burin ya sauka a kan ƙanwata Lamisa.

Wasiƙar da ta jawo wannan rubutu ta zo ne a mako na biyu na watan Satumba, daga hukumar makarantun gundumarmu. Ta ce bincike ya tabbatar da cewa ɗaliba Shormin Akter ba a gidanmu take zaune ba, saboda haka ba ta da hurumin karatu a sakandaren gundumar, kuma an ba ta kwana goma ta tattara littattafanta.

Shormin 'yar Khala Rokeya ce, ƙanwar mahaifiyata, wadda mijinta ya rasu, take ɗinkin rigunan kujerun mota a wata masana'anta. Gidan hayar Khala yana tsallaken iyakar gundumar, inda makarantu ba su da ƙarfi. Don haka shekara uku ke nan Shormin tana zaune a wurinmu, ɗaki ɗaya da Lamisa, aji ɗaya, yanzu kuma sun shiga shekarar ƙarshe. Su biyun abu ɗaya suke nema: tsarin nan na shekara bakwai na wata jami'a a jiharmu, wanda yake ɗaukar ɗalibi daga sakandare ya miƙe da shi har ya fito likita, ba tare da ya sake tsayawa layin neman gurbi ba. Kowace makaranta suna ɗaya take aikawa, kuma ana rufe karɓa ranar ɗaya ga Nuwamba. Shormin ce ta ɗaya a ajinsu. A cikin masu neman tsarin, Lamisa ce take bin bayanta.

Na karanta wasiƙar a wurin cin abinci. Ammu, mahaifiyata, ta ajiye cokalin miya ta dafe ƙirji.

“Wane mara tsoron Allah ne ya yi mana haka? Yarinyar da na riƙa kamar ni na haife ta.”

“Khala, kuskure ne kawai,” in ji Shormin, wadda ita ma Khala take kiran Ammu, tana murmushin ƙarfin hali. “Mako uku na yi a wurin Ammuna saboda aikin da aka yi mata a hannu. Ke ma kika ce in je. Bhaiya zai rubuta musu, ko ba haka ba?”

Bhaiya, wato yaya, ni ke nan. Na ce haka ne. Abin da ake bukata bai da wuya: mai gida ya je gaban jami'in shaida ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa yarinyar a ƙarƙashin rufinsa take kwana. Abbu, mahaifina, ya yi hakan sau uku a baya. A daren nan na cika takardar, na liƙa 'yar alama mai ruwan ɗorawa a inda zai sa hannu.

Ranar farko Abbu ya ce an canja masa lokacin aiki. Rana ta biyu ya ce ya manta katinsa a kabad ɗin ma'aikata. Rana ta huɗu ya kira ni gefe.

“Ka san rantsuwa a ƙasar nan ba wasa ba ce. Tunda sun riga sun ce ba ta nan, in na ce tana nan, ni za su ce na yi ƙarya. Bari ƙurar ta lafa tukuna.”

“Abbu, kwana shida ya rage.”

“Kai komai sai ka ƙirga. Allah yana nan.”

Da na buga waya ofishin hukumar, sai aka shaida mini cewa jami'insu ya zo gidan wata Laraba da hantsi, matar gidan ta nuna masa ɗakin 'yan matan, gado ɗaya ya gani. Na hau sama na duba. Gadon Shormin an kwance shi, kayanta suna cikin kwalaye a gareji. Tun dawowarta a kan katifa take kwana a ƙasa, ni kuwa da ke fita da asuba in dawo da dare ban sani ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

“Kuɗin cizo na gani a jikin katakon,” in ji Ammu. “Mutumin kuwa na ɗauka na kamfanin gas ne. Turancinsu kamar suna tauna tsakuwa, ina zan gane?”

Na yarda da ita. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin da zan bincika a maganar mahaifiyata ba.

Kwana goma suka cika. Shormin ta koma gidan Khala, ta shiga sakandaren unguwarsu. Na shigar da ƙarar neman sake duba hukuncin, aka sa mana ranar sha tara ga Nuwamba. Na roƙi a matso da ita, magatakardar ta ce akwai iyalai talatin a gabanmu.

A makon farko Shormin ta gano cewa sabuwar makarantar ba ta koyar da babban darasin kimiyyar sinadarai da ta fara, malamin ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Aka sa ta a ajin da ta gama shekara biyu da suka wuce. A mako na biyu asibitin yara da take aikin sa kai duk Asabar ya aiko cewa gurbin na tsohuwar makarantarta ne, ta mayar da katin shiga. A mako na uku na ɗauki hutun rabin yini na raka ta wurin jami'in da ke kula da neman jami'a a sabuwar makarantar. Mutumin kirki ne, ɗalibai ɗari biyar a wuyansa. Ya daɗe yana duban sakamakonta.

“Ban taɓa ganin irin wannan a teburina ba,” in ji shi. “Amma dokarmu ita ce sai ɗalibi ya yi shekara biyu a nan kafin mu ba shi matsayi a aji ko mu aika sunansa. Na riga na yi wa wani yaro alkawari, tun yana aji ɗaya yake wahala a kan abin nan. Ki gaya mini, in cire shi?”

“A'a,” in ji Shormin. “Kada ka cire shi.”

Muka wuce tsohuwar makarantar, wurin Misis Dombrowski mai kula da neman jami'a a can, wadda ta riga ta rubuta wa Shormin wasiƙar shaida tun watan Yuni. Ta fito da wasiƙar daga aljihun tebur, shafi biyu, ta nuna mana, ta mayar.

“Ba zan iya aika sunan wadda ba ta cikin rajistata ba. Ku kawo mini takardar rantsuwar kafin ƙarshen Oktoba, ni da kaina zan je in tsaya a kan shugaban hukumar.”

A mota, da muka kusa gida, Shormin ta ce, “Bhaiya, kada ka matsa wa Khalu. Tsoro yake ji. Mutanenmu da takardar gwamnati sai a hankali.”

Khalu, wato Abbu. Ita ce take nema masa uzuri.

Ta rame. Gyalenta da ta saba gogewa ya fara zuwa a yamutse. Duk da haka kowace Lahadi sai ta hau bas biyu ta zo gidanmu, ta ci shinkafa da kifi, ta wanke tukwane kamar yadda ta saba, sannan su hau sama da Lamisa. Wata Lahadi na wuce ƙofar ɗakin na ji muryarta.

“Cire wannan layin. Kowa yana rubuta cewa yana son taimakon mutane. Rubuta ranar da kakarki Dadi ta faɗi a banɗaki kika riƙe mata kai har motar asibiti ta zo. Wannan naki ne, babu mai irinsa.”

Rubutun neman shiga tsarin take gyara wa Lamisa, wadda Misis Dombrowski ta gaya wa ta shirya ko da abin bai warware ba.

Ranar ashirin da uku ga Oktoba kwafin fayil ɗin binciken da na nema ya iso. Na buɗe shi a wurin aiki, lokacin hutun rana. Akwai takardar tsegumi da aka cika ta intanet ba suna, akwai rahoton jami'in, sai hotuna uku da mai tsegumin ya haɗo. A kowanne ga Shormin tana fitowa daga ƙofar benen su Khala da safe, jakar makaranta a kafaɗa, kwanan wata a ƙasa. Daga cikin mota aka ɗauke su, ta gilashin gaba.

A duba na uku na ga abin. A saman kowane hoto, ta hagu, akwai gefen wani shuɗin kati da ke rataye a madubi, da lambobi biyu na ƙarshe: ɗaya da takwas. Na fita filin ajiye motoci da rigar aiki a jikina. Katin izinin fakin na asibiti yana rataye a madubin motata, lamba ɗari huɗu da sha takwas.

Na tuna safiyoyin nan uku. Ammu ce ta tashe ni ta ce ta yi wa Khala pitha, wainar shinkafar da take so, in kai ta ta duba hannun, mu kuma sauke Shormin a makaranta. Da mun isa sai ta ce gwiwarta ba za ta iya matakalar ba, in hau da kwanon, in turo yarinyar ta fara saukowa. Ni ina sama ina jera wa Khala abinci a faranti, Ammu tana kujerar gaba da waya a hannu. Har sumbatar goshin Shormin take yi idan ta shigo motar.

Na sami Ammu a kicin da la'asar tana yanka albasa. Na ajiye hotunan a kusa da katakon yankan. Ta dube su, ba ta daina yanka ba.

“Ɗauke su, za su jiƙe.”

“Ammu, ke ce.”

“Ni ce. Sai me?” Ta share wuƙar a gefen zanenta. “Shekara uku tana ci tana sha a gidan nan, ko sau ɗaya na taɓa haɗe mata rai? Na ba ta ɗaki, na ba ta makaranta. Sai kuma in ba ta kujerar 'yata? Shormin kanta yana ja, ko ta doguwar hanya za ta kai. Lamisa idan aka sa ta a layin nan na shekara huɗu da jarrabawa, karyewa za ta yi. Na ga yadda ake karyewa, a gidan nan na gani.”

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, kuma ba ta bukatar ta duba.

“Da kin gaya wa Khala gaskiya, ki ce ta ɗauke 'yarta.”

“In ce wa Rokeya me? Duk mutanenmu na Sylhet da ke garin nan su ji cewa na kori marainiya? Hukuma ce ta cire ta, ba ni ba. Kuma ƙarya na yi? A hoton nan ba daga gidan uwarta take fitowa ba?”

Abbu yana falo, ya rage sautin talabijin yana ji. Na kai masa takardar rantsuwar, alamar ruwan ɗorawar tana nan inda na liƙa ta.

“Saura kwana takwas. Ofishin mai shaida yana buɗe har ƙarfe shida.”

“Wannan magana ce tsakanin ya da ƙanwa,” in ji shi. “Ni ban ɗauki hoto ba, ban aika komai ba. Idan na sa hannu yanzu, uwarka na tona. Kana so a kira ta gaban Turawa a yi mata tambayoyi?”

Lamisa tana zaune a kan matakala, ta rungume gwiwoyinta. Na tambaye ta ko ta sani.

“Ban ce a yi ba, Bhaiya. Wallahi ban ce ba.”

“Ranar da aka kwance gadon fa?”

Ta sunkuyar da kai. “Ni na riƙe ɗaya gefen.”

Kwana biyu na yi ina jujjuya abin, ina rubuta jimlolin da zan faɗa ina gogewa. Ranar Asabar da safe na je gidan Khala. Ta tafi aiki, Shormin ce kaɗai, ta baza littattafai a teburin cin abinci tana koya wa kanta darasin da babu mai koyar da shi. Duk jimlolin da na shirya suka gudu. Na ajiye hotunan, na ciro shuɗin katin daga aljihu na ɗora a gefensu.

Ta gane kafin minti ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta jera hotunan bisa kwanan wata.

“Wannan ranar ta ba ni dala biyar ta ce in sayi abin sha,” in ji ta, ta taɓa na tsakiya. Sannan ta ɗago. “Kai ka tuƙa motar. Ka sani?”

“Ban sani ba.”

“Na yarda.” Ta tura mini katin. “Amma Bhaiya, kai ne mai karanta takardar wutar lantarki sau uku. Kusan mako uku ina kwana a ƙasa a gidanku, ɗakinka yana kallon namu.”



Na yi abin da ya rage mini. Na tattara shaidar shekara uku: katunan likitan haƙori masu adireshinmu, rajistar ɗakin karatu na unguwa, takardun rigakafi da ni na cika da hannuna. Na rubuta bayanin yadda aka ɗauki hotunan, na rantse a kai, na sa hannu. Na kai wa Misis Dombrowski ranar Litinin. Ta karanta a tsaye, ta ɗauki jakarta ta tafi ofishin hukumar. Aka ce mata ni ɗa ne a gidan, ba mai gida ba, sai dai kwamiti ya zauna. Ranar talatin da ɗaya ga Oktoba ta aika sunan Lamisa, da rubutun nan na ranar da Dadi ta faɗi a banɗaki.

Kwamitin ya zauna a ranarsa. Minti ashirin aka yi. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni ko na fahimci cewa mahaifiyata nake ba da shaida a kanta, na ce na fahimta. A makon farko na Disamba, ranar da dusar ƙanƙara ta fara kwanciya, wasiƙa ta zo. An soke hukuncin, an ba da haƙuri, ɗaliba Shormin Akter tana iya komawa ajinta daga Litinin, muddin ta ci gaba da zama a adireshinmu.

Na kai mata. Ta karanta, ta ninke ta gida huɗu, ta sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

“In koma in kwana a wane gado?”

A watan Maris aka ɗauki Lamisa. Ammu, wadda tun Oktoba ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole, ta yi walima. Gidan ya cika da mata, takalma har bakin titi. Ina tsaye a ƙofar kicin na ji wata ta tambayi labarin 'yar Rokeya.

“Kayya, ƙasar nan da dokokinta,” in ji Ammu, tana girgiza kai. “Mun yi iya ƙoƙarinmu, ɗana har gaban kwamiti ya je. Amma rabo ba ya wuce mai shi.”

Matan suka yi ta jinjina mata. Wata ta ce samun 'yar'uwa irinta sai an tona. Akwai waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin a cikinsu, na gani a yadda suke kau da ido, amma suka ci, suka sha shayi, suka tambayi Lamisa wane fanni za ta ƙware a kai. A wurinmu wanda ya tona laifi shi ne mara tarbiyya, wanda ya aikata kuwa, in dai abin ya haifi likita, uwa ce mai hangen nesa.

Da baƙi suka ragu, Ammu ta ɗaure kwalin mishti, kayan zaƙin da muke rabawa idan abin farin ciki ya samu, ta miƙo mini.

“Kai wa Khalarka. Kada a ce mun manta da zumunci.”

Na kai, domin ina so in ga Shormin. Yanzu tana aikin yamma a wani kantin magani, tana jiran shiga kwalejin unguwa ta shekara biyu, irin wadda na yi. Daga can sai jami'a, sai jarrabawa, sai layin dubban mutane, in ƙarfinta ya kai. Na tarar tana ɗaura igiyar takalmi za ta fita. Ta dubi kwalin, ta dube ni.

“Ka ce wa Lamisa na taya ta murna. Da gaske nake. Ka ce mata idan aka tambaye ta a can wa ya koya mata rubutu, ta faɗi abin da ta ga dama.”

“Mishtin fa?”

“Mayar wa Ammunka. Ka ce na ƙoshi, shekara uku na ci a gidanta.”

Na ce ta zo in sauke ta a wurin aiki, ana sanyi, kuma hanyata ce. Muka sauko tare. Ta tsaya a daidai ƙofar benen, inda take tsaye a hotunan nan, ta dubi motata da shuɗin katin yana lilo a madubi. Ta gyara jakarta a kafaɗa.

“Bar shi, Bhaiya. Bas ɗin ya kusa zuwa.”